Wake Cikin Kwalin Magani

Wace rana ce idon Badi'a na hagu ya daina gani? Likitan Ƙonni ya yi wannan tambaya har sau uku, ba wanda ya ba shi amsa. Ita kanta mai idon ba ta sani ba. Wanda ke zaune a ɗaki guda yana kallon bango guda, ido ɗaya ya ishe shi, in ɗayan ya tafi ba zai lura ba. Abin da kowa ya tabbatar shi ne, ranar da aka binne mijinta da idanu biyu ta yi kuka, kuma duka biyun suna gani.

Mijin nata, Mato, direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Tawa da lodin siminti a bayansa. Badi'a ta shiga takaba a ɗakinta, cikin babban gidan su Mato a Malbaza. Wansa Alhaji Badamasi ne ke riƙe da gidan, uwarsu Inna Shatu kuma ita ke riƙe da Alhaji. Inna ce ta shigo da kanta ta cire madubi daga bango, ta kwashe kwalli da turare ta ƙulle a tsumma.

"Ni da niy yi tawa, ko zaure ban leƙa ba," in ji ta. "Kwana ɗari da talatin, ƙahwata ba ta san ƙohwar gida ba. Ki tambayi kowa cikin garin ga. Matan gidanmu haka suka yi."

"To, Inna."

Badi'a ba ta ji nauyin maganar ba a lokacin. Ina za ta je? Ƴarta ɗaya tana aure a Tajaye da ɗanyen goyo. Mutum ɗaya ne ke fitar da ita daga gidan nan dama, kuma ga shi an rufe shi da ƙasa.

Shekara shida ke nan da aka ce tana da hawan jini, abin da mutanen gari ke kira tansiyo. Mato ne ke kai ta Ƙonni duk bayan wata biyu a auna ta, ya sayo maganin, ya ajiye mata a kan taga. Da ya rasu akwai na kwana hamsin. Akwai kuma wani tsohon kwalin maganin da ba kome ciki, shi ta mayar ma'ajin kwanaki: kowace safiya ta haɗiye ƙwayar magani ɗaya, ta jefa ƙwayar wake ɗaya a kwalin. Magani na raguwa, wake na ƙaruwa.

Bayan addu'ar arba'in masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Gidan ya koma harkarsa. Mubaraka matar Alhaji takan ajiye kwanon tuwo a bakin ƙofa ta ce, "Ya haƙuri?" kafin a amsa ta juya. Daga ɗakin Badi'a ana jin manyan motoci suna wucewa a kan kwalta, tana gane mai kaya da marar kaya daga kukan injin. Su ne abokan hirarta.

Da ta ga saura ƙwaya goma sai ta fara raba su biyu da wuƙa. Ran da suka kusa ƙarewa ta ji takun Alhaji a tsakar gida, ta yi masa magana ta bayan labule, murya ƙasa kamar yadda mai takaba ke yi.

"Alhaji, maganina ya kusa ƙarewa. Kuma lokacin awo ya wuce."

"Awo a ina?"

"Ƙonni. Can marigayi ka kai ni."

"Subhanallahi. Cikin takaba? Kawo kwalin, in na tahi in sawo miki."

Ta miƙa masa sabon kwalin. Alhaji na da motoci uku, yana ratsa Ƙonni sau biyu a mako, amma kwalin ya yi kwana goma sha biyu a aljihunsa. Ba mugunta ba ce, mantuwa ce irin ta mutumin da ba a jikinsa ciwon yake ba. Ran da ya tuna yana tashar Malbaza, sai ya nuna wa mai teburin magani. Mai tebur ya juya kwalin, ya ce ba shi da irinsa, mi ke damunta? Alhaji ya ce ciwon kai. Mai tebur ya ba shi wasu jajayen ƙwayoyi na ciwon jiki.

"Wanga ya hi naki ƙarhi," ya ce da ita ta bayan labule. "Direbobina shi suka sha su kwana bisa hanya."

Maganin kuwa ya yi aiki, abin da ya fi muni ke nan. In ta sha, ciwon da ke sara mata ƙeya sai ya kwanta na ƴan sa'o'i. Ta fara da ɗaya a yini, ta koma biyu, ta koma uku. Alhaji bai taɓa bari sun yanke ba. In an tambaye shi lafiyar matar ƙanensa, yakan ce, "Ba ta rasa kome ba, alhamdu lillahi." Kuma da gaske yake faɗi.

Takalminta ya daina shiga ƙafarta. In ta danna ƙaurinta da yatsa sai ramin ya tsaya. Fitsarinta ya ragu, ɗan da take yi kuma sai ya yi kumfa. In ta kwanta numfashi ya ƙi sauka, ta koma barci a jingine da bango. Wani lokaci tana lazimi sai ta ga ƴan carbin sun haɗe da juna. Fuskarta ma ta kumbura, amma ba madubin da zai gaya mata.

Kowane ciwo Inna na da fassararsa. Kumburin ƙafa, zama ne. Kumburin ido, kuka ne. Numfashi, tunanin marigayi ne.

"Ni ma haka niy yi. Takaba ai ba biki ba ta. Ki daure, Allah na ba ki lada."

Wake ya kai tamanin da biyu ran da Asabe ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin shan magani na gari, baƙuwa ce da aiki ya kawo, tana haya a gidan da ke jingine da nasu. Ta zo ne ta ƙara gaisuwa. Ta ɗaga labule, haske ya faɗa kan fuskar Badi'a, sai gaisuwar ta tsaya mata a baki. Ta fita, ta dawo da abin awon hawan jini a cikin jaka. Ta ɗaura a damtse, ta hura, ta duba. Ta kwance, ta sake a ɗayan hannun.

"Yaya, nawa ake samu in an auna ki a Ƙonni?"

"Sha huɗu. Wata rana sha biyar."

"Yau ashirin da biyu."

Ta ga jajayen ƙwayoyin a kan taga, ta ɗauka ta duba, ta dafe kai.

"Wa ya ba ki wannan? Wannan ai ƙara hawan jinin yake yi, yana cin ƙoda. Yaya, ki saurare ni. Ko na ba ki magani yau, bai isa ba. Sai an ɗebi jininki, an duba fitsari, an leƙa cikin idonki, an ga inda ciwon ya taɓa. Mu nan ba mu da kayan. Alhaji ya fita, Inna na barci. Ga babur ɗina a ƙofa, in kai ki tasha mu shiga mota, kafin la'asar mun isa."

Badi'a ta dubi ƙofar ɗakin. Daga nan zuwa zaure taku ashirin ne, ta sani, ta sha ƙirga su da ido.

"A'a."

"Addini bai hana ki ba, wallahi. Mai lalura tana fita. Ki tambayi kowane malami."

"Na sani, Asabe. Amma shekara ashirin da shida Mato bai taɓa sa an yi da ni ba. Ba ni zan sa a yi da shi yana kabari ba, a ce matar Mato ko takabarsa ba ta iya zama ba. Saura kwana arba'in da takwas. In Allah ya kai mu, ke za ki kai ni."

Asabe ta bar mata magani na kwana goma, ta kwashe jajayen. Da la'asar ta tari Alhaji a zaure, kuma nan ta yi kuskure, don yana tare da baƙi. Badi'a na jin muryoyinsu daga ɗaki.

"Alhaji, matar nan tana iya faɗuwa kowane lokaci. Shari'a ta ba ta izinin fita."

"Malama, ni za ki koya ma shari'a? Na san ta halatta. Amma mutane ba littahi suka karantawa ba, ƙahwa suka gani. Gobe a ce gidan Badamasi mai takaba na yawo bisa babur. Mun gode da taimako. Gidan ga na da masu shi."

Daga ranar aka ce kada Asabe ta ƙara shigowa. Mako na zagayowa kuma aka tura ta horo Tawa na wata guda. Maganin kwana goma ya ƙare. Ciwon kai ya dawo da ƙarfinsa, Badi'a ta daure kwana biyu, a na uku ta roƙi Mubaraka ta gaya wa Alhaji ya sawo jajayen. Ta san abin da Asabe ta ce. Amma ƙoda ba ta ciwo, kai ne ke ciwo.

Ran da wake ya cika ɗari da uku, ta fito tsakar gida alwallar azahar. Ta sunkuya kan buta, ƙasa ta taso mata. Mubaraka ce ta yi ihu da ta ga jikinta na kakkarwa, bakinta na kumfa. Alhaji na gida, ya kawo mota har bakin zaure. Maza biyu suka ɗauke ta cikin tabarma. Inna ta bi su da zane tana lulluɓe ta, tana faɗi da ƙarfi don maƙwabta su ji:

"Ku shaida, ba hita tay yi ba! Ɗaukar ta anka yi!"

Badi'a ta farfaɗo a kan gadon asibiti a Ƙonni, da allurar ruwa a hannu da robar iska a hanci. Wani matashin likita na tsaye a kanta.

"Mama, mene ne sunanki? Wane gari muke? Matse yatsuna. Da ɗayan hannun. Yawwa. Ɗaga ƙafa. Yi mini murmushi, ko ba ki so."

Alhaji na gefe yana cewa a ba ta magani mai ƙarfi a sauke hawan jinin gaba ɗaya. Likitan ya ce ba haka ake yi ba, jikin da ya saba da awo sama da ashirin in aka fizgo shi ƙasa lokaci guda ƙwaƙwalwa za ta rasa jini. A hankali za a sauke.

"Lambar ba ita ta fi damuna ba, Alhaji. Ina neman inda ya riga ya ɓata ne. Wuri huɗu yake zuwa: kai, zuciya, ƙoda, ido."

Aka manna mata wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fitar da doguwar takarda. Aka ɗebi jini. Aka sa mata roba aka tara fitsari, likitan ya ɗaga ya ga ƙarancinsa. Ya daɗe yana sauraren bayanta. Sannan ya ɗiga mata magani a ido, ya jira, ya matso da ƴar fitila har tana jin numfashinsa. Watanni uku da rabi ba wanda ya dubi fuskarta da kyau in ba Asabe ba, sai ga wani yana leƙa har cikin ƙwayar idonta.

"Rufe na dama da hannu. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ta jira ya ɗaga.

"Mama, nawa?"

"Ka ɗaga?"

Nan ne ya yi tambayar. Tun yaushe? Ya tambaye ta, ya tambayi Alhaji, ya tambayi Mubaraka. Sannan ya ce a nuna masa maganin da take sha. Dama Mubaraka ta kwaso duk abin da ke kan taga cikin gaggawa da za su taho, sai ta miƙa masa kwalin. Ya karanta sunan ya ce, "Wannan mai kyau ne." Ya buɗe ya zazzage a tafin hannu. Wake ya zubo, wasu suka gangara ƙarƙashin gado.

Ba wanda ya yi dariya. Mubaraka ta fito da jajayen ƙwayoyin a hankali. Likitan ya dube su, ya dubi Alhaji.

"Ni na saya mata da hannuna," in ji Alhaji. "Ban taɓa barin ta ba magani ba."

"Na yarda, Alhaji."

Bayan kwana biyu, da sakamakon jini ya cika, likitan ya zauna a bakin gadonta ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye. Kanta ya tsira, ba shanyewar jiki. Zuciyarta ta yi kauri ta gaji, shi ya sa ruwa ya taru a huhu, amma magani zai taimaka. Ƙodarta kashi ɗaya cikin uku ke aiki, ba ya zaton abin da ya tafi zai dawo duka, sai dai a tsare wanda ya rage. Idon hagu jijiyarsa ta toshe tun tuni, ba zai dawo ba. Na dama ma akwai ɗigon jini a cikinsa.

"Da kin zo mako uku da suka wuce, da wata maganar muke yi," ya ce, sai kuma ya yi kamar ya yi nadamar faɗi.

Badi'a ta lissafa a zuci. Mako uku. Ranar da babur ɗin Asabe ke ƙofa ke nan.

Da za a kai ƙarar wannan al'amari, da wuya a san wanda za a kama. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci. Inna ta faɗi abin da aka faɗa mata ne tana yarinya. Alhaji ya saya, ya biya, ya kawo mota. Mubaraka ba ta taɓa fashin kwano ba. Ita kanta Badi'a da bakinta ta ce a'a. Kowa ya yi nasa ɗan abin da bai kai laifi ba, aka haɗa su wuri guda suka zama ido ɗaya da ƙoda biyu. Kuma gidan bai taɓa hana a kai ta asibiti ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya sa, wanda ba a taɓa furta shi ba: sai ta kasa tafiya da kanta.

Kwana goma ta yi aka sallame ta. Likitan ya rubuta magani na mako guda kacal, ya ce sabon magani ne, dole ranar Alhamis ta dawo a sake ɗibar jini a ga ko ƙodar ta karɓe shi, sannan a san adadin da za ta ci gaba da sha. Ya maimaita wa Alhaji. Alhaji ya ce in sha Allahu.

Aka mayar da ita ɗakinta. Mubaraka ta tsince waken da ya zube ta mayar cikin kwalin, Badi'a ta cika na kwanakin asibiti. Yanzu in an ɗaga labule sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga mai shigowa.

Ranar Alhamis da safe ta haɗiye ƙwaya ta ƙarshe. Wake ɗari da ashirin. Ta ji Alhaji yana tada mota.

"Alhaji, yau ce ranar."

"Ina sane. Amma ki duba, kwana goma kaɗai suka rage. Ga shi kin samu sauƙi, ƙahwar ta sace. Wancan karon lalura ta, kowa ya gani. Yanzu in anka gan ki zaune cikin mota garau, mi za a ce? Ba ni takardar, in sawo miki irinsa. Ran da kinka gama, ni da kaina zan kai ki."

"Likita ya ce jini za a ɗiba."

"Likitoci ba su rabuwa da tsoratarwa. Kwana goma, Badi'a."

Bai jira takardar ba ma, wani ya kira shi a waya. Motar ta tashi ta tafi.

Ta zauna a bakin gado, takardar likita a cinyarta. Ta rufe idon dama da tafin hannu, duniya ta ɗauke. Ta buɗe. Ga taga, ga buta, ga ƙusar da madubi yake rataye a da. Ta tuna Mato a bakin wannan ƙofar duk bayan wata biyu, yana kaɗa makullin mota yana cewa, "Ke, tashi mu tai, ni ban da wata in kinka lalace." Shi bai taɓa tambayar abin da mutane za su ce ba.

Ta sa hijabinta marar ado, ta zura takalmi, ya shiga. Ta ƙulle takardar da kuɗin mota a bakin zane. Taku ashirin ɗin sun fi yadda ta zata tsawo, sau biyu tana dafa bango.

Inna na zaune a kan tabarma a bakin zaure tana jan carbi.

"Ina zuwa?"

"Ƙonni, Inna."

"Da ƙahwarki? Ɗiyar nan, kwana goma! Kin yi ɗari da ashirin, ki zubar da su don goma? Ni da niy yi tawa..."

"Na sani, Inna. Allah ya karɓa miki." Ta tsaya ta mayar da numfashi. "Takabata ba ta zube ba, nan zan dawo in kwana. Amma in na jira a sake ɗaukata cikin tabarma, wanga karon ba Ƙonni za a kai ni ba."

Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ba ta janye ƙafafunta daga hanya ba, ba ta kuma miƙa hannu ba.

Badi'a ta raɓa ta gefe, ta ratsa zauren, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa. Rana ta buge ta a fuska. Mata biyu da ke dawowa daga famfo suka tsaya da bokitai a ka suna kallonta. Ta gaishe su, ta wuce. Da ta isa bakin kwalta ta ji kukan babbar mota mai kaya tana tahowa daga hagu. Ta juya kanta gaba ɗaya ta dube ta da idon da ya rage, ta jira ta wuce, sannan ta ƙetara zuwa tasha.